Ranar da Ya Rasu, a Lissafin Kwamfuta

Ni 'yar Bebeji ce, amma aikina na farko a Tudun Wada na yi shi, a wani ƙaramin asibiti da ke kusa da kasuwa. Tsakiyar shekarun casa'in ne. Na koyi buga tafireta a Kano bayan na gama sakandare, shi ya sa da wata ƙungiya ta ba asibitin kyautar kwamfuta aka ce ni zan zauna a gabanta. Aikin ba wuya. Da safe a tayar da janareta, nas ta kawo min katunan marasa lafiyar da aka kwantar da waɗanda aka sallama da waɗanda suka rasu, ni kuma in shigar. Ba na buga kwanan wata, don mutumin da ya kafa mana ita ya ce ita da kanta take sa wa kowane suna rana da lokaci. Katunan kuwa idan na gama da su sai a zuba a kwali a kai sito.

Bazarar shekarar nan ta zo da sanƙarau. Ba na son in tsawaita a kanta. Gadaje suka cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda, daga baya har ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Mun daina sanin Litinin daga Alhamis. Ina zuwa in tarar da katuna sun taru, in buga har janareta ya mutu, in tashi in je in riƙe wa wata uwa ɗanta a yi masa allura. Sai da ruwa ya sauka ciwon ya lafa.

Ruwan farko ya zo da iska, ya yaye kwanon sito. Katunan suka jiƙe suka manne da juna, tawada ta gudu. A makon nan kuma kwamfutar ta ƙi tashi. Aka ɗauko mai gyara daga Kano, ya yini a kanta, ya ce abin da ke tsara bayanai a fuskarta ya lalace, amma ya ceto sunayen. Da ya kunna sai ga su a jere kamar dā, sai dai a gurbin da kwanan wata ya kamata ya fito, wata doguwar lamba ce mai gida tara a gaban kowane suna. Na tambaye shi, ya ce ai ranar ce, yadda inji ke rubuta ta kenan, zai dawo da abin da zai mayar da ita yadda mutane ke karantawa. Ya tafi. Ba mu ƙara ganinsa ba a daminar nan, kuma asibitin ba shi da tarho.

Ana tsakiyar damina wani dattijo Bafulatani ya shigo ranar kasuwa. Dogo ne, ya rame, takalmansa duk taɓo. Daga wata ruga yake a bayan Doguwa, inda suka daɗe da zama suna noma suna kiwo. Ɗansa yake nema. Yaron ya tafi cin rani da shanu shi da ƙanensa, sai bijimai biyu suka ɓace, ya bar ƙanen da garke ya shiga bin kasuwanni yana cigiya. Ƙanen ya ɗauka ya wuce gida. Gida kuma sun ɗauka yana wajen shanu. Sai da garke ya dawo da saukar ruwa aka ga babu shi.

Nas ɗinmu ta tuna an taɓa kawo wani saurayi daga kasuwa ba ya magana, ya cika kafin gari ya waye, mutanen unguwa suka yi masa sutura. An ajiye kayansa a ofis saboda ba wanda ya zo. Aka ɗauko sanda da malafa da wata 'yar jakar fata. Dattijon ya karɓi sandar, ya shafa wurin da hannu ya cinye, ya zauna a ƙasa nan inda yake tsaye. Ya yi salati. Bai yi kuka ba. Maigadi ya raka shi maƙabarta, amma kaburburan bazarar nan sun yi yawa, ruwa kuma ya daidaita su, sai dai aka nuna masa gefen.

Da ya dawo sai aka turo shi wajena. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi kamar zai shiga masallaci.

Ya ce, “'Yata, an ce ke ce mai ajiyar ranaku. Wace rana ce ya rasu?”

Na ce, “Baba, shigo ka zauna, bari in duba.”

Na samo layin ba wuya. Ni na buga shi da hannuna: namiji, ba a san sunansa ba, daga kasuwa, ya rasu. A gabansa ga lambar nan mai gida tara. Na zuba mata ido. Dattijon ya matso ya leƙa gilashin, alhali bai iya boko ba, ya dube ni.

“Ta faɗa?”

“Ta faɗa, Baba, amma da wani irin lissafi da ban iya karantawa ba.”

Sai ya gaya min dalilin tambayar. Ɗan nasa ya bar mata da yarinya ɗaya. Takaba daga ranar rasuwar miji ake lissafa ta, ba daga ranar da labari ya iso ba. Idan a farkon bazara ya rasu, to matar ta kusa fita ko ma ta fita. Idan a ƙarshe ne, da sauran tafiya. Ga shi mahaifiyarta na kwance a wani ƙauye a ƙasar Kiru, jiki ya yi tsanani, an aiko har sau biyu, kuma ita kaɗai ce 'yarta mace. Mai takaba ba ta kwana a waje, tsakanin rugarsu da Kiru kuwa ba tafiyar zuwa da dawowa a yini ɗaya ba ce, balle da damina.

Na zaga na tambayi kowa a asibitin. Nas ta ce tana ganin kafin Babbar Salla ne. Mai ba da magani ya rantse bayan Salla ne, don ya tuna yana cin soyayyen nama a lokacin. Maigadi ya ce shi abin da ya sani kawai ranar kasuwa ce, kasuwa kuwa duk mako take ci. Ni da na buga sunan ban tuna komai ba. Na koma na ce wa dattijon ya ba ni zuwa kasuwa mai zuwa. Ban san me zan yi a makon ba, amma ban iya ce masa ya tafi haka nan ba.

Abu ɗaya na riƙe daga bakin mutumin da ya kafa kwamfutar. Wata rana yana shan shayi a ofishina ya ce inji bai san Juma'a ko Asabar ba, sakan kawai yake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya tun daga ranar farko ta shekarar 1970. A lokacin dariya na yi, na ɗauka hira ce. Yanzu sai maganar ta dawo min. Ina da wa da ke koyar da lissafi a wata makaranta a Kiru, yana zaune a Yako da iyalinsa. Na kwafi lambar saurayin a takarda, na kwafi na layukan da ke sama da shi da ƙasa da shi masu yawa, na nemi izini, na shiga ƙaramar bas. Ta lalace a hanya, na ƙarasa a kan babur, na isa zanena ya jiƙe har gwiwa.

Yaya ya saurare ni yana cin ɗanyar gyaɗa. Da na gama ya share hannu ya ce, “Ai wannan rabawa ce kawai. Sakan sittin minti ɗaya, minti sittin awa ɗaya, awa ashirin da huɗu kwana ɗaya. Idan mun sami kwanakin sai mu cire shekaru. Kawo takardar.”

Ya ɗauko kalkuletarsa, sai ta ƙi ɗaukar lambar. Gida takwas take ci, tamu tara ce. Ya juya ta, ya buga ta a tafin hannu, ya ajiye. Muka shimfiɗa tabarma a zaure, ya kawo tsofaffin takardun jarrabawar ɗalibansa, muka juya bayansu muka fara rabawa da fensir kamar 'yan firamare.

Ya ce kada mu fara da ta mamacin, mu fara da wadda na san ranarta, don mu gane ko hanyar daidai ce. A cikin layukan da na kwafa akwai haihuwar ɗan maƙwabciyata, wanda na san ranar haihuwarsa sarai, har da lokacin da na buga sunansa. Muka raba, muka sake rabawa. Sau biyu muna ɓata, don mun manta shekarun da Fabrairu ke ƙara kwana. Yaya ya jera shekarun a gefe yana sa wa masu ƙarin alama. Can wajen la'asar sai ga rana ta fito, ga wata, ga shekara, daidai da abin da na sani. Lokacin ne kawai ya gaza da awa ɗaya, Yaya ya ce wannan agogon Turai ne, namu yana gaba da shi. Na ji wani sanyi a raina. Matarsa ta leƙo ta ce me muka samu muke ta murna haka.

Sai muka ɗauki ta saurayin. Tun kafin mu fara Yaya ya ɗaure fuska.

Ya ce, “Kin lura? Ta jaririn da takwas ta fara. Wannan da uku.”

Ban lura ba. Muka raba duk da haka. Abin da ya fito shi ne ranar farko ta shekarar 1980, jim kaɗan bayan sha biyun dare. A wannan shekarar saurayin nan yaro ne yana bin maruƙa, asibitinmu ma ba a gina shi ba. Na ce mun yi kuskure, mu sake. Muka sake, ta sake fitowa. Muka gwada layin da ke samansa, muka gwada na ƙasansa. Duk rana ɗaya. A lissafin kwamfutar, kusan duk mutanen da muka rasa a bazarar nan a rana guda suka mutu, shekaru da yawa kafin a kawo ta.

Yaya ya tauna fensir. Sai ya ce, “Agogonta ne ya tsaya. Idan babu wuta, me ke riƙe mata lokaci?”

Nan na tuna mai gyaran nan ya zaro wani ɗan abu kamar kwabo daga cikinta ya jefar, ya sa sabo, ya ce batir ne. Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai batir a ciki. Ashe ya mutu tun farkon bazara. Kullum aka kashe janareta sai ta manta inda take, da safe kuma ta fara ƙirga daga ranar da masu ƙera ta suka sa mata. Mu kuwa ba mu gani ba, don wurin da nake bugawa ba ya nuna rana.

Yaya bai haƙura nan da nan ba. Ya nemo lamba ta ƙarshe mai farawa da takwas kafin ɓarnar, da ta farko bayan gyara, ya fitar da ranakunsu. Tsakaninsu ya haɗiye bazarar kusan gaba ɗaya. Ya ce to mu duba inda layin saurayin ya faɗo a jerin, ko a tsakiya ko a gefe, mu yi kirdado. Na ce masa ba zai yiwu ba, don akwai makon da mutum biyu muka rasa, akwai wanda ban iya ƙirgawa ba. Ya ajiye fensirin.

“Abin da lambar nan ta sani,” in ji shi, “shi ne ba a yi awa ɗaya da kunna inji ba kika buga sunansa. Da safe ne ke nan. Wace safiya, ba ta sani ba.”

Na kwana a Yako. Washegari na koma da takardun a jaka, ban san me ya sa na ɗauko su ba.

Ranar kasuwa dattijon ya zo tun kafin a tayar da janareta. Na yi masa bayani yadda zan iya: injin yana da agogo, agogon ya tsaya, ba mu sani ba. Ya saurara har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

Ya ce, “To, 'yata, na ji. Amma matar ɗan nawa ba za ta yarda daga bakina ba. Za ta ce na ɓoye mata ne don kada ta tafi da jikata. Ko za ki zo ki gaya mata da kanki?”

Na so in ce a'a. Me zan kai mata? Amma na nemi izinin shugaban asibiti, ranar Asabar na bi shi. Mota ta kai mu Doguwa, daga nan babur, daga nan ƙafa, don rafi ya cika ya cinye hanya. Duwatsu sun yi kore shar, dawa ta kai ƙirji. Da wani dalilin daban ne ya kawo ni da na ji daɗin wurin.

Matar mamacin yarinya ce, ba ta kai ni shekaru ba. Na same ta a ɗakinta zaune a kan tabarma, ba kwalli ba ɗan kunne, 'yarta na barci a cinyarta. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya. Ta sa aka kawo min nono. Ba ta tambaye ni ranar ba da farko.

Ta ce, “Adda, kin gan shi?”

Gaskiya ban gan shi ba, katinsa kawai na gani. Na gaya mata haka. Na gaya mata abin da nas ta faɗa, cewa bai daɗe yana wahala ba, kuma an yi masa wanka an sallace shi, mutane da yawa sun raka shi.

“Ya yi magana?”

“An ce bai yi ba.”

Ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinyar kitso da yatsa. Can ta ce, “To ranar fa?”

Na fito da takardun, na kuma ji kunyar fito da su. Na ce mata mun yi lissafi ni da yayana yini guda, hanyar lissafin daidai ce, amma abin da aka ba mu mu lissafa ne ba daidai ba. Na ce abin da na tabbatar kawai shi ne tsakanin rana kaza ne da rana kaza, kuma da safe aka rubuta shi. Ta karɓi takarda ɗaya ta duba, ta juya ta, ta ga jan biron Yaya a kan jarrabawar wani ɗalibi, ta miƙo min.

Aka kira malamin rugar, wani tsoho mai sanyin murya, ya zauna daga waje inda za mu ji shi. Dattijon ya maimaita masa ranakun biyu, suka mayar da su lissafin watan Musulunci da yatsu. Malam ya ce tunda akwai shakka, sai a ɗauki ta ƙarshen, don ita ce ba kokwanto a kanta. Hakan ya bar mata fiye da wata guda. Amma ya ƙara da cewa addini bai toshe ƙofa ba, idan jikin mahaifiyarta ya kai ga lalura, za ta iya tafiya, ba laifi a kanta. Dattijon ma ya ce shi bai hana ba, zai sa ƙanen mijin ya raka ta.

Na yi zaton za ta tashi ta fara haɗa kaya. Sai ta yi magana da Fulatanci, a hankali, ta daɗe tana yi. Da ta ga ban fahimta ba ta juyo ta faɗa min da Hausa.

“Ban yi jinyarsa ba. Ban ga gawarsa ba. Yana cikin ƙasa ina nan ina sa kwalli ina zuwa tallan nono ina dariya. Wannan zaman kaɗai ya rage in yi masa. Da kin ce min ya ƙare, da na tafi yau. Tunda ba ki sani ba, ba zan yanke masa ba.”

Na ce, “Innarki fa?”

Hawaye ne kawai suka zubo, ta sa bakin mayafi ta share kada su ɗiga a kan yarinyar. Na zauna a wurin da takardu a hannu. Na iya karatu, na iya buga inji da yatsu goma, na san yadda ake mayar da sakan ya zama shekara, amma ba ni da kalma ɗaya da za ta amfane ta. Ina ta tunanin ko in zaɓi wata rana daga farkon bazara in ce ita ce, ba wanda zai ƙaryata ni. Bakina ya ƙi. Har yau ban san ko ƙin nan alheri ne ba.

Na koma Tudun Wada na ci gaba da aiki. Na roƙi shugaban asibiti ya bar ni in riƙa buga kwanan wata da hannuna a gefen kowane suna, ya ce in yi. Da rana idan aiki ya yi sauƙi nakan ɗauki lambobin da suka fara da takwas in mayar da su ranaku da fensir, har hannuna ya saba. Masu farawa da uku kuwa na bar su yadda suke. Wasu mutane biyu sun zo daga baya da irin tambayar dattijon, ɗaya saboda rabon gado, ɗaya don kawai yana son ya san ranar da zai riƙa yi wa matarsa sadaka. Amsa ɗaya na ba su.

Da kaka, an fara yankan gero, na haɗu da dattijon a kasuwa wajen masu gishirin shanu. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi mutanen gida. Ya ce surukarsa ta fita takaba lafiya. Mahaifiyar tata kuwa ta rasu saura 'yan kwanaki ta fita, ba su gana ba. Ta je ta yi zaman makoki daga baya, ta dawo da ƙwaryar uwar da zannuwanta biyu, yanzu tana nan rugar tare da su.

Ya faɗi haka ba tare da ya ɗora wa kowa laifi ba. Ya tambayi lafiyar yayana da bai taɓa gani ba, ya ce in yi masa godiya. Mai gishiri ya ɗaure masa buhu, wani mai babur ya ɗora a baya, dattijon ya hau ya riƙe malafarsa da hannu ɗaya, suka bi hanyar Doguwa.